Ranar da Sai Gobe Ya Share Teburinsa

Shekara ashirin da shida Malama ta yi tana yi wa mijinta mita a kan ya riƙa gama aiki yana mayar wa mutane kayansu. Ranar da ya gama ɗin kuwa, ba ta taɓa jin tsoro irin na ranar ba, domin a ranar ce ta gane cewa yana shirin raba kansa da duniya.

A duk layin da shagonsa yake babu mai kiransa da sunan yanka. Sai Gobe ake ce masa, kuma ya daɗe da daina jin haushi, har yakan amsa tun kafin a rufe baki. Sana'arsa gyaran kayan wuta: rediyo, fanka, dutsen guga, duk wani abin da ake jonawa ya yi ƙara ko ya yi zafi. Shagon ɗan tsukuku ne, jikin shagon wani tela, mutum biyu ba sa wuce juna a ciki sai ɗaya ya karkace. Da tebur guda, da kujera guda, da benci a bakin ƙofa, sai kantoci har rufi cike da kayan jama'a.

In ka kawo masa fanka zai kunna ta, ya karkata kai ya saurara kamar mai jin gulma, sannan ya ce, "Ƙaramin abu ne. Sai gobe." Goben nan tana iya zama mako uku. Duk da haka mutane ba su daina zuwa ba, don abin da ya fita daga hannunsa ba ya dawowa.

Ba lalaci ba ne. Dattijon da ya koya masa sana'a ya bar masa dokoki biyu, ya riƙe su kamar gado. Ta farko, abin da aka gyara sai ya kwana uku yana aiki a kan kanta kafin a miƙa wa mai shi. Ta biyu, mai gyara ba ya rufe shago da tebur a share. Ko da ka gama komai, ka ɗauko wani abu ka buɗe cikinsa, ka zuba sukurorinsa a murfin kwalba, ka tafi ka bar shi haka, domin da safe ka san abin da zai tashe ka. Tela yakan ce wannan ba doka ba ce, wayo ne na wanda ba ya son shara. Sai Gobe yakan ce masa, "Kai da kake ɗinka wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya, ina ruwanka da dokar masu ilimi?"

Ta hanyar wannan hali ma ya sami mata. Tana ɗalibar makarantar horon malamai ta kawo masa rediyon mahaifinta, wani tsoho mai jikin katako. Sau bakwai tana zuwa ana ce mata sai gobe. A na takwas mahaifin ya ce, "Ki gaya wa yaron nan, ko dai ya turo min rediyona, ko ya turo min manyansa." Manyan aka turo. Rediyon bai taɓa komawa ba. Tsohon ya rasu bai sake jin muryarsa ba, rediyon kuwa yana can a kanta ta ƙarshe kusa da rufi, an kwance murfin bayansa. Suka haifi 'ya'ya biyu, babbar ta yi aure a wani gari, ƙaramin ya tafi karatu, amma duk ranar da Malama ta biyo ta shagon sai ta ɗaga kai ta ce, "Mai gyara, rediyon Babana fa?" Shi kuma ba tare da ya ɗago ba ya ce, "Sai gobe, Malama."

Ciwon bai zo da sallama ba. Ba a yi masa mutuwa ba, shago bai ƙone ba, babu wanda ya ɓata masa. Abin da ya fi rikita mutane ke nan, don sun saba cewa ruwa ba ya tsami banza, ga shi an leƙa ko'ina ba a ga abin da ya faɗa ciki ba.

Da farko ya daina kunna rediyo yana aiki. Sai ya daina rama wa Tela tsokana. Abinci ya koma taɓawa kawai yake yi ya ture. Tun kafin asuba idonsa yake buɗewa, barci kuma ba ya dawowa. Wando ya fara zame masa. Wata rana Tela ya leƙa ya gan shi riƙe da sukudireba a kan sukuru guda, ya koma ya ɗinka hannun riga biyu, ya sake leƙowa ya tarar bai motsa ba. Mutumin da yake gane ciwon fanka daga ƙararta, sai ga shi yana kallon waya ja da baƙa ya kasa yanke wadda zai fara taɓawa. Daga baya ma ya daina fita. Yakan zauna a kujerar falo, fuska ga bango, in Malama ta yi magana sai amsar ta daɗe kafin ta iso, kamar daga ƙasan rijiya.

An gwada jini, an gwada suga, an auna hawan jini. Komai lafiya. Yayansa, wanda ya yi ritaya daga tuƙin manyan motoci kuma bai yarda akwai abin da tsawa ba ta gyarawa ba, yakan zo duk ƙarshen mako ya tsaya a kansa.

"Wai kai me ka rasa ne? Mata ta gari, 'ya'ya sun kama gabansu, sana'a a hannu. Je ka asibiti ka ga waɗanda aka yanke wa ƙafa, ka dawo ka gode wa Allah."

"Ban rasa komai ba, Yaya," in ji shi. "Shi ne abin kunyar."

"To tashi ka kama jikinka. Namiji ba ya zama kamar kayan wanki."

Bayan Yaya ya tafi ne wata rana ya ce da Malama, a hankali, ba tare da ya kalle ta ba, "Da kin huta da ba ni." Ta ce ya daina irin wannan magana, ta shiga kicin ta buɗe famfo don kada ya ji kukanta. Tun daga ranar ta fara jin wani abu a ƙirjinta kamar ta haɗiye dutse, yana nan ko tana aji, ko tana salla.

A wata na biyar aka tura su wurin wata likita mai duba lafiyar ƙwaƙwalwa. Mace ce mai sanyin murya, ba ta taɓa shi da komai ba, tambayoyi kawai ta yi ta yi: barci, ci, abin da yake jin daɗinsa a da, yadda yake ganin kansa yanzu. Ta ce sunan abin ciwon damuwa. Ta ce ba ɓacin ran yau da gobe ba ne wanda hira ko albishir suke wankewa, ciwo ne kamar kowane ciwo, yakan kama mai dalili, yakan kama wanda ba shi da dalili, kuma ba rashin godiya ba ne. Ta rubuta magani, ta ce sai an yi makonni kafin a ga aikinsa.

Da za su fita ta tsayar da Malama a bakin ƙofa.

"Ki saurare ni da kyau. Wani lokaci ƙarfin jiki yakan riga zuciya dawowa. In kin ga ya miƙe farat ɗaya, kada ki saki jiki. In kuma kin ji tsoro, ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambaya ba ta sa wa mutum abin da ba ya ransa."

Malama ta gyaɗa kai, amma a ranta ta ce wannan likita ba ta san aure ba. Da wane baki mace za ta dubi uban 'ya'yanta ta furta masa wannan kalma? Ta ninke maganar ta ajiye can ƙasan zuciya, tare da takardar magani.

Ranar Litinin ta mako na uku da fara shan maganin ya tashi da kansa. Ya yi aski, ya sa riga mai guga, ya ce zai leƙa shago. Ya dawo da yamma yana ƙanshin dalma, ƙanshin da ta yi wata biyar ba ta ji ba, ya cinye abin da ta zuba masa. Talata haka, Laraba haka. Barci ma ya samu. Fuskarsa ta yi wani irin kwanciya, kamar ta wanda ya sauke kaya. Yaya ya bugo waya yana dariya.

"Ban gaya miki ba, ƙanwata? Tsawa ce maganinsa, ba ƙwayoyi ba."

Malama ta yi dariya ita ma. Ta kira 'yarta ta yi mata albishir. Dutsen da yake ƙirjinta ya ɗan matsa gefe.

Ranar Alhamis, lokacin hutun tara, tana tsaye a barandar makaranta sai uwar wata ɗalibarta ta tare ta da fara'a.

"Malama, a gaida maigida. Fankata da ta yi wata takwas a wurinsa, jiya sai ga shi da ita har ƙofar gida. Na ce yau za a yi ruwa da ƙanƙara."

Ba ta gama amsawa ba sai ga shugaban makaranta ya fito daga ofis.

"Ni ma dutsen gugana ya dawo jiya. Ya ce a ranar ya gyara, a ranar ya kawo. Lallai mutumin naki ya warke, har ya fi da."

Ta yi murmushi, ta ce madalla, ta koma aji. Ta ɗauki alli ta fara rubuta jimla a allo, yara suna karantawa a bayanta. A tsakiyar kalma hannunta ya tsaya.

A ranar ya gyara, a ranar ya kawo. Ina kwana ukun? Mutumin da ya taɓa barin wata amarya ta tare ba fanka don dokar ba ta cika ba. Kuma tun yaushe Sai Gobe yake bin gidaje yana kai kaya? Wannan ba aikin mai komawa sana'a ba ne. Wannan aikin mai sallamar jama'a ne.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Duk layin suna murna don sun ga kaya suna fita, ita kaɗai ta san cewa a wurin mijinta abin da bai ƙare ba shi ne igiyar da take ɗaure shi da safiya. Muryar likita ta taso daga inda ta binne ta, kalma bayan kalma.

Ta kira wayarsa. A kashe. Ta sake kira. Allin ya karye a hannunta, yara suka yi dariya, suka ga fuskarta suka yi tsit. Ta leƙa ajin da yake kusa ta ce wa abokiyar aikinta ta riƙe mata yaran, ba ta tsaya jin amsa ba, ba ta nemi izinin shugaba ba, ta fita da ƙurar alli a tafin hannu.

Motar hayar da ta shiga kamar da gayya take tsayawa. Wannan zai sauka, wancan zai hau da buhu, direba yana gardama da wani a kan kujerar gaba. Malama ta riƙe ƙarfen kujera gam. Tana ta gaya wa kanta cewa za ta tarar da shi a sunkuye kan tebur, ya ɗago ya ce me ya fito da ita a wannan rana, ta ji kunya ta koma. Ta roƙi Allah ya ba ta wannan kunyar.

Ƙarfe sha ɗaya da 'yan mintoci ta isa. Shagon a kulle.

Tela ya ɗago daga kan keke, zare a baki.

"A'a, Malama da kanta. Yau an kori malamai ne? Ai kin makara, angon naki ya tashi. Kwana huɗun nan kamar an sa masa sabon batir. Dubi abin da ya ba ni."

Ya jawo wani ƙaramin akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin yadi. Ta san akwatin. Ƙananan sukudirebobin dattijon ne, waɗanda ko ɗansu na cikinsa bai taɓa bari ya taɓa ba.

"Shekara ashirin ina roƙon aron guda ɗaya in ɗaure keke yana hana ni, yau sai ga akwatin gaba ɗaya. Na ce ko dai na mutu ne ban sani ba. Har makulli ya bar min, wai in ajiye."

"Ba ni makullin."

Yadda ta faɗa ya sa ya miƙa mata ba tare da ƙarin wasa ba. Sau biyu tana kuskure ramin kwaɗon. Ƙofar ta buɗe.

Ba ta taɓa ganin katakon teburin nan ba. Ashe ja ne. An share shi, an goge shi da tsumma, babu waya ko guda, babu ɗigon dalma. Murafan kwalban da yake zuba sukurori an jera su ɗaya cikin ɗaya a gefe, babu komai a cikinsu. Kantoci sun yi wayam. An tura kujera ƙarƙashin tebur, yadda ake yi a ajin da aka yi hutu.

Ta dafa bango, ta ɗaga kai a hankali zuwa kanta ta ƙarshe. In rediyon yana nan, to akwai sauran aiki, akwai sauran lokaci.

Babu shi. Sai shatinsa a cikin ƙura.

"Yaushe ya fita?"

"Bai fi minti ashirin ba," in ji Tela, muryarsa ta sauya. "Da wani tsohon rediyo a hammata. Malama, lafiya?"

Ta tsaya ta tilasta wa kanta yin tunani a tsanake, kamar mai warware lissafi a allo. Kowa ya kai masa kayansa har gida. Mai rediyon ita ce. Ya san ba ta tashi sai ƙarfe biyu. Gida zai kai ya ajiye mata, a lokacin da ba ta nan. Bayan wannan kuma babu sauran abin da ya rage masa.

"Ɗauko babur ɗinka," ta ce. "Ka kai ni gida. Kada ka tsaya ko'ina."

Bai tambaya ba. Ya bar rigar mutane a ƙarƙashin allura, ya bar shago a buɗe. A kan hanya ta kira Yaya, iska tana kwashe rabin maganarta, ta ce ya zo gidansu da mota yanzu, yanzu, ta kashe kafin ya fara tambaya.

Gidansu yana hawa na biyu. Tun daga ƙasan matakala ta ji shi: wata murya mai kauri, mai ɗan amo kamar daga cikin tulu, ana karanta labaran rana. Rabonta da wannan amon tun tana budurwa, mahaifinta yana zaune a tabarma. Rediyo yana iya yin magana a ɗakin da babu kowa. Ta ce wa Tela ya jira a nan, ta kama ƙarfen matakala ta ja jikinta, tana ƙirga kowane taki don kada ta yi tunanin abin da yake bayan ƙofa.

Ƙofar ba a kulle take ba.

Yana zaune a kujerar falo, da takalmi a ƙafarsa. Rediyon yana kan ƙaramin teburinta inda take duba littattafan yara, an goge katakonsa yana sheƙi. Kusa da shi ya ajiye wayarsa da makullin gida, a jere.

Ya ɗago ya dube ta, babu mamaki sosai a fuskarsa.

"Ai ba ki tashi ba."

"Na tashi."

"Na tsaya ne in ji ko zai riƙe tasha." Ya nuna rediyon da haɓa. "Ga rediyon Babanki. Ki yafe jinkiri."

Ta mayar da ƙofa ta rufe, ta jingina da ita. Duk kalmomin da suka zo mata masu kewaye ne: ina za ka, me ya sa ka ba Tela akwati, ko akwai abin da yake damunka. Ta san kowace daga cikinsu tana da ƙofar da zai bi ya fita. Ta tako ta kashe rediyon, ta durƙusa a gabansa yadda idonsu zai haɗu.

"Baban yara, zan tambaye ka abu, ka ba ni gaskiya. Kana shirin kashe kanka ne?"

Kalmar ta fita, rufi bai faɗo ba. A waje wani yana ta danna hon.

"Na gaji, Malama. Ba da ke ba."

"Ba wannan na tambaye ka ba."

Ya dubi hannuwansa. Sai kafaɗunsa suka sauka, kwanciyar nan da ta kwana huɗu a fuskarsa ta tsage.

"E," in ji shi.

"Tun yaushe?"

"Ranar Lahadi na yanke. Shi ya sa na sami barci." Ya goge ido da bayan hannu. "Na ga ba daidai ba ne in tafi da kayan mutane a wuyana. Ku kuma za ku huta. Kin rame, Malama. Ni na ramar da ke."

Ta so ta yi ihu, ta so ta rantse masa cewa ƙarya ciwon yake gaya masa. Amma wata biyar tana gaya masa haka, ba ta ga ya shiga ba. Ta kama hannunsa da hannu biyu, ta riƙe gam. Idonta ya faɗa kan rediyon.

"Yaushe ka gama shi?"

"Yau da safe."

"To bai kwana uku a kan kanta ba. Ban karɓa ba."

"Malama..."

"Haka dattijon ya koya maka? Ka gyara da safe ka miƙa da rana? Shugaban makaranta ya karɓi nasa don bai san doka ba. Ni na san ta. Shekara ashirin da shida ina jira, ba zan karɓi aikin gaggawa ba."

Wani sauti ya fito daga maƙogwaronsa, tsakanin dariya da kuka. Ita kanta ta san rediyo ba ya riƙe ran mutum. So take kawai ta sami abin da zai kai su ƙasan matakala, daga nan zuwa mota, daga mota zuwa ɗakin likita.

"Yanzu za mu koma asibiti," ta ce. "Abin da ka gaya min, shi za ka gaya mata. Ba zan saki hannun nan ba sai a gabanta."

Aka turo ƙofa. Yaya ne, yana haki, Tela a bayansa.

"Wai me kuma ya faru? Mutum ya warke, sai a ɗaga min hankali ina tsakiyar..."

Malama ba ta taɓa katse yayan mijinta ba tun da aka kawo ta gidan. Ranar ta katse shi.

"Yaya, ka kama masa ɗaya hannun."

Yaya ya buɗe baki, ya dubi ƙaninsa, ya dubi waya da makullin da aka jera a tebur. Tsohon direba ne, ya san yadda mutum yake ajiye makulli in ba zai sake hawa motar ba. Bakin ya rufu. Ya sunkuya ya kama hannun, da wata murya da Malama ba ta san yana da ita ba ya ce, "Tashi, ƙanena. Tashi mu je."

A bakin ƙofa ta juya ta ce wa Tela ya ɗauki rediyon ya mayar shago, ya ɗora a kan tebur, ya kwance bayansa.

"Ni da ban san kan sukuru ba?"

"Ai an ba ka akwati guda."

Kwana goma sha tara ya yi a asibiti. An sauya masa magani, aka haɗa shi da wani ma'aikaci da suke zama suna magana duk mako. Babu ranar da za a nuna a ce ga ranar da ya warke. Abin ya riƙa ja da baya ne kaɗan-kaɗan, wani makon ya dawo, wani makon ya sake ja. Likita ba ta ɓoye musu ba cewa ciwon yana iya sake zuwa, ta rubuta musu lambar da za su kira a kowane lokaci, Malama ta manna ta a jikin firij. Yaya ya daina tsawa, ya koma zuwa ya zauna kawai, wani lokaci awa guda ba wanda ya ce uffan. Tela ya mayar da akwatin, amma ya riƙe sukudireba guda, wai ladan babur.

Bayan wata uku Sai Gobe ya koma shago, rabin yini da farko. Masu kaya suka dawo, suka ci gaba da jin sai gobe, suna ƙorafi kamar da. Malama kuwa ta sauya hanya. Kullum in ta tashi daga makaranta a bakin layin take sauka, ta tako zuwa shagon, kuma kafin ta dubi fuskar mijinta teburin take fara duba. Tsoron bai tafi ba. Ya dai sami wurin zama, ta san inda yake.

Wata Laraba, wajen wata takwas da faruwar abin, ta iso ta tarar da teburin a share, jan katakonsa a fili. Jakarta ta zame daga kafaɗa. Sai Gobe yana tsaye da tsumma a hannu, ya ga inda idonta yake.

Wannan karon ba ta yi kewaye ba, ba ta kuma jira ta tattara ƙarfin hali ba.

"Tunanin nan ya dawo?"

"Yakan leƙo," in ji shi. "Makon jiya ya leƙo, na gaya wa likita. Yau bai zo ba. Shayi ne wancan mai karkataccen wandon ya zubar min a kan aiki."

"Gwiwar hannunka ce ta ture," in ji Tela ta bayan bango.

Sai Gobe ya nuna ƙarƙashin tebur da ƙafa. Ga wata fanka a kwali, cikinta a buɗe, wayoyinta a waje. Can sama kuma rediyon yana wurinsa, bayansa a kwance.

Malama ba ta yi dariya ba. Ta ɗauki jakarta ta zauna a bencin bakin ƙofa, ta jira har katakon ya bushe, ya ɗauko fankar ya ɗora, ya zuba sukurorinta a murfin kwalba. Sai da ta ga haka sannan ta miƙe ta ba shi wuri ya rufe shagon.